Kyauro, Ƙarfe da Kwankwani: Waiwaye a Kan Tarihin Kibiya

Gabatarwa

Wanda duk ya bi hanyar da ta tashi daga Nyanya ta ratsa Karu da Jikwoyi da Kurudu, ta faɗa Orozo kafin ta kai Karshi, abin da zai fara cika masa ido shi ne sababbin gidaje da shaguna da cinkoson ma'aikatan da ke sammako zuwa cikin birnin Abuja. Amma in ya ɗaga kai zai ga duwatsu sun yi wa yankin ƙawanya. Duwatsun nan sun riga dokar soja ta 6 ta 1976, wadda ta ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya, kuma su ne suka san tsohon labarin wurin. A ƙarni na 19 mutanen wannan yanki, watau Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, da Gwandara da Gade, sun zauna ne tsakanin masu dawaki: ga sarakunan Hausa na Zazzau da suka kafa Abuja ta asali ta wajen arewa maso yamma, ga Keffi ta gabas, ga Nasarawa ta kudu. Abu biyu suka dogara da su wajen kare kansu, dutse da kibiya.

Manufar wannan maƙala ita ce duba wannan makami na biyu, yadda ake haɗa shi da yadda ake daidaita shi, da kuma rawar da ya taka a tarihin ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Dalilin ɗauko zancen kuwa shi ne, adabinmu bai yi wa kibiya adalci ba. Mawaƙan fada sun wasa doki, sun wasa takobi da mashi da sulke. Narambaɗa ya yi wa doki guda waƙa sukutum, watau Dokin Iska Ɗanhilinge. Ɗan baka kuwa, a hawan salla ma a ƙasa yake tafe, ƙurar dawaki tana bin kansa. Ga shi kuwa sau da dama shi ne ya yanke hukuncin yaƙi.

Kibiyar da ba ta da gashi

Abu na farko da baƙo zai lura da shi game da kibiyar ƙasar Hausa da ta duwatsun kudancin Zazzau shi ne ba a ɗaura mata gashin tsuntsu a gindi. Gajeruwa ce, tsawonta bai cika wuce ƙafa biyu da wani abu ba, ga ta sakayau. Wanda ya saba ganin kibiyar Turawa ko ta Larabawa a hoto, mai gashi uku a wutsiya, sai ya ɗauka rashin sani ne ya hana magabatanmu yin haka. A ganina wannan zato ne na wanda bai taɓa riƙe kibiyar ba. Mutanen da suka iya saƙa da jima da rinin da ya kai har Arewacin Afirka, manna gashin zabo a jikin kara ba zai gagare su ba. Sun bar shi ne don sun warware matsalar ta wata hanya.

Kafin a zo ga wannan hanya, ya kamata a san cewa kibiya ɗaya aikin hannu uku ce. Akwai maƙeri, akwai mai dafi, sa'an nan akwai maharbin kansa, wanda shi ke haɗa kome da kome.

Ƙarfen yana fitowa daga maƙeran baƙi. Sana'ar ta daɗe ƙwarai a wannan yanki, domin a Taruga, kudu maso gabashin Abuja, Bernard Fagg ya tono murafun narka tama a shekarun 1960, aka kuma auna shekarunsu aka ga sun kai ƙarni huɗu ko fiye kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Maƙeri yakan sa ɗan guntun ƙarfe a wutar gawayi, ana zuga masa, in ya yi ja ya ɗauko da awartaki ya ɗora bisa uwar maƙera ya buga. Yakan fitar da tsini, ya tsago kunnuwa su juya baya, ya bar dogon wuya, sa'an nan ya ƙare da siririyar wutsiya mai tsini wadda za a cusa cikin kara. Kunnuwan nan su ne ke hana kibiya fita in ta shiga. Wuyan kuma akan murɗa shi ko a yi masa zane-zane, ba domin ado ba, sai domin dafi ya sami wurin kamawa.

Jikin kibiyar kuwa kyauro ne, wata doguwar ciyawa mai kama da rake wadda ke fitowa a bakin rafi da fadamu. Likita J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirran Hausa ya buga a 1916, ya kawo kyauro a matsayin karan da ake yin kibiya da shi. A nan aikin maharbi ke farawa. Ba kowane kyauro ake yankowa ba, sai wanda ya ƙosa, gaɓoɓinsa suka yi daidai. A shanya shi ya bushe, a kankare, a ɗan gasa shi bisa garwashi ana lanƙwasawa da hannu har ya miƙe, ana kanne ido ɗaya ana dubansa daga wannan baki zuwa wancan. Sa'an nan a soka wutsiyar ƙarfen a cikinsa, a naɗe bakin tam da jijiya ko zare, a shafe da danƙo, don kada karan ya tsage ranar da kibiyar ta daki ƙashi. Can ɗaya ƙarshen a yanka 'yar tsaga inda tsirkiya za ta zauna, ita ma a naɗe ta. Wannan duka aikin rani ne, na zaman inuwa, tun kafin a ji ƙarar ganga. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daidaita kibiya da baka

To, me zai sa kibiyar da ba ta da gashi ta tafi kai tsaye, ba ta wuntsila ba? Aikin gashi dai shi ne ya kama iska ta baya, ya riƙa jan gindin kibiya yana komar da shi bayan kai duk lokacin da ya so kaucewa. In babu gashi, abin da ya rage shi ne a kai nauyin gaba sosai. Idan aka ɗora kibiyar Hausa bisa yatsa ana neman inda za ta tsaya ba ta rinjaya ba, za a tarar wurin ba tsakiya yake ba, ya matsa can wajen ƙarfen. Dogon wuyan nan na ƙarfe da rashin nauyin kyauro su suka haɗu suka yi haka. Sai ya zama ƙarfen ne ke ja, karan yana biye kamar jela, iskar da ke bugun jikin karan tana yin aikin da gashi zai yi.

Sai dai wannan dabara tana da tsada, domin ba ta yafe kuskure. A daidai lokacin da aka saki tsirkiya, ƙarfin baka yana tura gindin kibiya, nauyin ƙarfe kuma yana turjewa ta gaba, saboda haka karan yakan lanƙwashe ya miƙe, ya sake lanƙwashewa, yana tafe yana makarkata kamar kifi a ruwa. Ido ba ya ganin wannan. Sai a shekarun 1930 wani masanin kimiyya Ba'amurke, Clarence Hickman, ya ɗauki abin da na'urar ɗaukar hoto mai tsananin sauri aka gani ƙuru-ƙuru. Idan karan ya cika laushi ga ƙarfin bakan, zai yi ta lilo ya kauce, ko ma ya karye a hannun mai shi. Idan kuwa ya cika tauri, ba zai lanƙwashe ya kewaye jikin bakan ba, sai ya bi ɗaya gefen. Gashi yana iya rufa wa irin wannan kibiya asiri, ya gyara mata tafiya bayan ta bar baka. Wadda ba ta da gashi ba mai rufa mata.

Abubuwa uku ke hannun mai haɗa kibiya wajen gyara wannan. Akwai kaurin karan, akwai tsawonsa, akwai kuma nauyin ƙarfen. Ƙarin nauyin ƙarfe yana sa kara ya ƙara lanƙwasa, rage tsawo yana sa shi ya ƙara tauri. Saboda haka ƙarfen da ya dace da wannan kyauro ba lalle ne ya dace da wancan ba, kuma kibiyar da ta yi wa bakan wane daidai tana iya ƙin bakan ƙanensa. Hanyar sani guda ce, a harba a gani. In ta tsaya a jikin abin da aka auna a miƙe, ta yi. In gindinta ya karkace hagu ko dama, sai a datse karan kaɗan, ko a sauya ƙarfen, ko a jefar da karan a ɗauki wani. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin ban sha'awa, masu wasan harbin baka na zamani, irin waɗanda ke auna abu daga nisan mita 70 a wasannin Olamfik, da wannan gwajin suke daidaita kayansu. Kibansu na alminiyam ne ko na zaren kabon. A masana'anta akan ɗora sandar bisa turaka biyu masu tazarar inci 28, a rataya mata nauyin giram 880 a tsakiya, a auna yadda ta lanƙwashe, a buga mata lamba. Duk da haka, in ɗan wasa yana son ya tabbatar kibiyarsa ta dace da bakansa, sai ya ɗauki wadda ba a manna wa gashi ba ya harba tare da masu gashi, ya ga inda za ta faɗa. Watau abin da shi yake yi sau ɗaya a wani lokaci don gwaji, shi ne halin da maharbin Orozo ko na Gobir yake ciki a kowane harbi. Ba shi da lamba, ba shi da ma'auni, sai yatsa da ido.

Akwai kuma riba a barin gashin. Ba ya sarƙewa a ciyawa, ruwan sama ba ya ɓata shi, ƙwari ba sa cinye shi a rataye, kwari ɗaya yana ɗaukar kibau da yawa, kuma in an harba ta ɓace ba a yi babbar hasara ba. Inda kibiyar ta gaza shi ne nisa. Amma ba don nisa aka yi ta ba.

A nan kwatance zai taimaka. A 1545 wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Mary Rose ya nutse, aka ɗago shi a 1982, aka sami kibau fiye da 3,500 a cikinsa. Na itace ne, masu kauri, yawancinsu sun kai inci 30, alamun danƙo da zaren da aka ɗaure gashi suna nan a jikinsu. An yi su ne don dogon baka mai tsananin ƙarfi, su tafi nesa su huda mutum da ƙarfin tsiya. Kibiyar ƙasarmu ba ta da bukatar haka. Ita dai ta sami fata, ko ta mutum ko ta dokinsa. Sauran aikin na dafi ne.

Kwankwani

Uwar dafin kibiya a ƙasar Hausa ita ce 'ya'yan kwankwani, wani tsiro mai yaɗo wanda masana tsirrai ke kira Strophanthus. Akan haɗa shi da wasu abubuwa, kamar nonon tinya, kuma kowane gidan maharba yana da nasa sirrin da nasa tsarin, da ranakun yi da abubuwan da mai yi zai ƙaurace wa. Wannan ɓangaren na masu shi ne. Abin da ya shafi tarihi shi ne yadda dafin ke aiki: in ya shiga jini sai ya nufi zuciya, ya sa ta matse da ƙarfi, bugunta ya rikice, daga nan ta tsaya. Amma ta ciki ba ya shiga jiki sosai, shi ya sa maharbi ke yanke naman da ke kewaye da raunin ya yar, a ci sauran lafiya.

Ga maharbi Musulmi akwai wata ƙa'ida kuma. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halil, dabbar da aka harba da makami mai dafi ta mutu, ba a ci, tun da ba a tabbatar ko raunin ne ya kashe ta ko dafin ba. Dole ke nan maharbi ya cim mata da sauran rai ya yanka. Wannan ma ya ƙara ɗaure shi ga harbin kusa da iya bin sawu.

Bari in ɗan ratse, domin labarin wannan tsiro bai tsaya a dawa ba. John Kirk, likitan da ya raka David Livingstone tafiyar kogin Zambezi daga 1858, ya ajiye 'ya'yan wani ɗan'uwan kwankwani a aljihu ɗaya da burushin goge haƙoransa. Da ya yi amfani da burushin sai ya ji ɗaci, ya kuma lura bugun zuciyarsa ya ragu. Daga nan Thomas Fraser na Jami'ar Edinbara ya ɗauki binciken, ya zuwa 1885 ya gabatar da sinadarin a matsayin maganin ciwon zuciya, likitocin Turai, musamman na Jamus, suka yi shekaru suna amfani da shi. A wajejen 1949 kuma masana daga Amurka da Suwizalan suka bazama Afirka ta Yamma neman 'ya'yan kwankwani, da fatan haɗa maganin kotizon da su, kafin wata doyar daji ta ƙasar Meziko ta ƙwace kasuwar.

Kibiya a fagen fama

Hanya mafi sauƙi ta gane girman makami ita ce a dubi abin da aka ƙera don tsoronsa. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi, watau rigar nan mai kaurin auduga da ake lulluɓe doki da mahayinsa da ita, maganin kibiya ne tsantsa, don tsinin ya maƙale a auduga bai kai fata ba. Amma lifidi yana da nauyi, yana da tsada, ga zafi, ba kowane barde ke samunsa ba, kuma ba ya rufe ko'ina. Kanta na Kabi, wanda ya gagari Sanwai ya kuma kori rundunar Barno, kibiya ce ta same shi a Dugul ta ƙasar Katsina yana kan hanyar komawa gida a tsakiyar ƙarni na 16, aka kai gawarsa Surame.

Babbar ranar kibiya dai ita ce 21 ga Yuni, 1804, a Tabkin Kwatto, kusa da Gudu. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki masu yawa, cikinsu har da 'yan lifidi wajen 100, ga taimakon Buzaye. Jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙarƙashin jagorancin Malam Abdullahi, dawakinsu ba su wuce 20 ba, kamar yadda Muhammadu Bello ya bayar da labari a Infaƙul Maisuri. Mafi yawansu a ƙasa suke, malamai da almajirai da makiyaya da manoma, abin da ke hannunsu baka ne da kwari. Dawakin Gobir suka yi ta kawo hari, 'yan baka suka dunƙule wuri ɗaya suka ƙi watsewa, suna zuba musu ruwan kibau, har rundunar Yunfa ta karye, shi kansa ya tsere. Masu wa'azi sun yi bayanin wannan nasara ta fuskar imani, kuma gaskiyarsu ne. Amma mai nazarin tarihi yana da damar ya ƙara da cewa, makamin da talaka ke iya haɗawa da kansa a gindin bishiya, da ɗan ƙarfen da bai kai na lauje ba, shi ne ya tsaya wa makamin da sai mai sarauta ke iya saye.

Abin da ya biyo baya shi ne abin lura. Da daula ta kafu, dawaki suka samu, sai masu jihadin da 'ya'yansu suka hau, suka sa lifidi, kibiya ta koma hannun dakaru da bayi da mazauna ganuwa. Joseph Smaldone ya bi diddigin wannan sauyi a littafinsa na 1977 kan yaƙe-yaƙen Daular Sakkwato. Hugh Clapperton ya ga haka da idonsa a Oktoban 1826, lokacin da ya tarar da Sarkin Musulmi Bello ya kewaye Gobirawa a Konya. A wannan karon 'yan lifidi na wajen Bello suke, Gobirawa kuma suna bayan ganuwa suna harbo kibau a natse, ba sa ɓarna, har rundunar ta janye ba ta ci garin ba. Shekara uku kafin haka, a Afrilun 1823, abokin tafiyarsa Dixon Denham ya bi wata runduna ta Larabawa masu bindigogi da Barebari da mutanen Mandara suka auka wa wani garin Fulani a gindin duwatsun Mandara. Kibau masu dafi suka watsa su, madugun Larabawan, Bu Halum, kibiya ta same shi ya faɗo daga kan doki ya mutu a hanyar gudu, Denham kansa da ƙyar ya sha.

Komawa ƙasar Abuja

Wannan sauyi ne ya kawo zancen gindin duwatsun da aka fara ambata. Da mayaƙan jihadi suka ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa zuwa ƙasar Zuba, ya yi ta fama har aka kashe shi a wajen Lapai a 1825. Ƙanensa Abubakar Jatau, wanda ake kira Abu Ja, ya kafa garin Abuja a 1828, garin da yau ake kira Suleja. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin wannan masarauta da Hausa, aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a 1952. Abuja ba ta taɓa faɗawa hannun Fulani ba. Ko a 1893, da Sarkin Zazzau Yero ya ɗauko runduna har da 'yan bindiga ya nufo ta, korarsa aka yi.

Abuja tana da dawakinta da bindigoginta, ba za a ce kibiya kaɗai ta tsare ta ba. Amma ƙasar ita kanta ƙasar kibiya ce. Doki na fili ne. A kurmi da kwazazzabai da hawan dutse, inda mahayi ba ya ganin abin da ke taki goma a gabansa, ga kuma ƙudan tsando da ke kashe dawaki a bakin rafuka, gajeruwar kibiya mai dafi ta fi kowane makami dacewa. Harbin kusa ne, daga bayan dutse, kuma doki ya fi mahayinsa faɗi.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka mutanen duwatsu da Abuja kullum bakinsu ɗaya. Wasu garuruwan sun bi ta, sun ba ta mayaƙa, wasu kuma ita ce abin gudunsu. Laƙabin Sarki Ibrahim Iyalai, wanda ya yi mulki daga 1877 zuwa 1902, shi ne Dodon Gwari, kuma ba a banza ake samun irin wannan suna ba. Ga Nagwamatse da 'ya'yansa na Kwantagora suna kai hari ƙasar Gbagyi ta yamma, ga Keffi da Nasarawa suna neman bayin da za su kai gaisuwa Zazzau. Manomin da ke gindin dutse ba ya tambayar tutar wa aka ɗauko. In ya hango ƙura sai ya tura mata da yara sama, ya ɗauki kwari. Shi ya sa a irin waɗannan garuruwa haɗa kibiya bai zama sana'ar wasu tsiraru ba, abu ne da kowane magidanci ya kamata ya iya, kamar yadda ya iya ɗaure ƙotar fartanya.

Zuwan Turawa

Turawa sun zo da bindiga mai ruwa, amma ba su raina kibiya ba. A 27 ga Nuwamba, 1900, David Carnegie, wani matashin jami'in mulki wanda ya riga ya yi suna wajen ratsa hamadar Ostareliya, kibiya mai dafi ta same shi a cinya a kusa da Tawari ta ƙasar Koton Ƙarfe, bai daɗe ba ya cika, aka binne shi a Lakwaja. A can ƙasar Arewa ta Nijar, a Afrilun 1899, maharban Sarauniya Mangu sun tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine ta Faransa a Lugu. A Burmi, a Mayun 1903, an kori rundunar Kyaftin Sword da raunuka masu yawa, sa'an nan a 27 ga Yuli, ranar da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, kwamandan Turawan kansa, Manjo Marsh, kibiya mai dafi ce ta kashe shi. Amma waɗannan duka ɗaiɗaiku ne a kan ɗaruruwan da harsashi ya kwantar. Makamin da aka yi don harbin kusa ba shi da ta cewa gaban wanda ke kashewa tun daga inda ba a gane fuskar mutum. Abuja ta shiga hannun Turawa a 1902, hare-haren bayi suka tsaya, mutanen duwatsu suka riƙa saukowa fili sannu a hankali.

Daga nan kibiya ta koma wa farauta da gadi, inda ita ma bindigar toka ta yi ta cin ƙasarta. Ba ta ɓace ba dai. Lokacin da maharban Adamawa suka taimaka wa sojoji wajen ƙwato Maiha da Mubi a ƙarshen 2014, cikin kayan da suka rataya har da kwari da baka. Harshe ma ya riƙe ta: shugaban maharba Sarkin Baka ne ko da bindiga yake saɓe da ita, abin da ke fitowa a sama bayan ruwa bakan gizo ne, tsinken da mata ke tsefe kai da shi kibiya ne, kuma har gobe ana cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure.

Abin da ya fi saurin salwanta shi ne sanin daidaitawar nan. Ƙarfen kibiya yana iya shekara ɗari a akwatin gidan tarihi na Jos ko na Kaduna, amma kyauro ruɓewa yake, kuma ƙarfe shi kaɗai ba zai gaya wa kowa irin karan da ya dace da shi ko bakan da aka yi shi dominsa ba. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai a 1916, Bargery ya tattara kalmomi a ƙamusunsa na 1934. Ɗaliban wannan sashe da ke neman abin rubuta kundin kammala digiri suna iya ɗorawa daga nan. Daga Orozo zuwa Karshi tafiyar 'yan mintoci ce, kuma a wannan ɗan tsakanin ana iya zama da tsofaffin maharba da maƙera a ɗauko sunan kowane sashe na kibiya, da na kowane irin kunne, da kalmomin da suke amfani da su in kara ya yi laushi ko ya yi tauri, cikin Hausa da Gbagyi da Gwandara.